Daga Gizago Zuwa Zarto: Tarihin Sassaƙa Da Aikin Kafinta A Duwatsun Kudancin Kaduna

Duk wanda ya ratsa Kafanchan ya nufi Kagoro, ko ya karkata ya bi hanyar Kwoi, ba zai rasa ganin rumfunan kafintoci a bakin titi ba, an jera gadaje da kujerun kushin da ƙofofi da bencina ana jiran mai saye. Idan kuma ya dace da ranar kasuwa a ɗaya daga cikin garuruwan yankin, zai tarar da wani sashe a gefe inda aka kife turame, aka jingine taɓare da ƙotoci da muciyoyi. Mai kallo daga nesa yakan ɗauka sana'a ɗaya ce, tunda duk itace ake sarrafawa. Sana'o'i biyu ne, kowace da asalinta. Masassaƙi yana ɗaukar gungume guda ya yi ta rage shi har abin da yake nema ya fito. Kafinta kuwa katako yake tsagawa ya harhaɗa da ƙusa da gam. Aikin kafinta bai wuce shekara ɗari da 'yan kai a wannan yanki ba, jirgin ƙasa da 'yan mishan suka kawo shi, alhali sassaƙa ta girmi kowace masarauta da ake ji da ita a ƙasar nan.

Ƙasar da itatuwanta

Kudancin Kaduna yana gindin tsaunukan Filato ta kudu maso yamma. Iskar damina da ke tasowa daga teku tana karo da waɗannan duwatsu ta zubar da ruwanta, shi ya sa ruwan da ake samu a kewayen Kafanchan da Kagoro yakan kai milimita 1,500 a shekara ko ya zarce, yayin da na Kano ba ya cika kaiwa 1,000. Duwatsun Kagoro kansu sun haura mita 1,200 daga doron teku. A cikin kwaruruka da bakin rafuka akwai kurmi mai duhu, inda loko da maɗaci da atili da tukurwa da kwakwar manja suke, kuma dajin Nindam da ke kusa da Kagoro ragowar irin wannan kurmi ne. A sarari kuma akwai doka da maje da kawo da ƙirya da madobiya da ɗinya da kaɗanya da ɗorawa. Masassaƙin Katsina ko Daura zai yi tafiyar kwanaki kafin ya ga rabin waɗannan a wuri ɗaya.

Al'ummomin yankin suna da yawa. Akwai Agworok da Hausawa ke kira Kagoro, da Atyap da aka sani da Katab, da Bajju da ake ce wa Kaje, da Ham da ake kira Jaba, da Asholio na Marwa, da Takad, da Fantswam na Kafanchan, da Nikyob na Kaninkon, da Gwong na Kagoma, da Ninzo, da Koro na wajen Kagarko, da wasunsu. A ƙarni na 19 da yawansu a kan duwatsu suke zaune, ko a bayan shingayen ƙerana masu kauri, saboda hare-haren neman bayi da ke zuwa daga Zazzau da Jama'a. Amma ba a rufe suke ba. Fatake suna yada zango a Zangon Katab da Kachia da Jama'an Darroro, ana musayar ƙarfe da gishiri da tufafi da zuma da manja, kayan aiki da dabaru suna bin sawun wannan ciniki.

Shaidar da yumɓu ya bari

Itace ba ya daɗewa a ƙasa mai gara da danshi, saboda haka babu wani turmi ko kujera ta dubban shekaru da aka tono a yankin. Shaidar da ake da ita ta biyo ta wata hanya. A 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da wani mutum-mutumin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, wanda yanzu yake cikin Ƙaramar Hukumar Jaba. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan mutum na yumɓu da aka samu a wata mahaƙa ta wajen Jama'a, bayan ya yi shekara guda a gonar doya a matsayin abin korar ɓarna. Fagg ya lura da kamannin da ke tsakanin biyun, ya raɗa wa al'adar sunan Nok, shi ne kuma ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Binciken da masanan Jami'ar Goethe ta Jamus suka fara a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya ya nuna cewa al'adar ta faro tun wajen shekara 1,500 kafin Miladiyya, kuma mutanenta sun iya narkar da tama ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Masana fasaha sun daɗe da lura cewa ba a gina fuskokin Nok kamar yadda mai tukwane yake ɗora yumɓu kan yumɓu kawai ba. Idanu da leɓɓa da kitso an yanke su ne daga jikin yumɓun bayan ya fara ƙarfi, irin yadda wuƙa take cin itace, abin da ya sa ake kyautata zaton masu yin su sun gaji hannun masassaƙa. Wasu daga cikin mutum-mutumin a kan 'yar kujera suke zaune. An kuma tono wani da ke nuna kwalekwale da matuƙansa. Ga gatura na dutse da ake tsinta a gonaki, waɗanda Bahaushe ke kira gatarin aradu, ga kuma na ƙarfe da suka biyo baya. Wanda yake shakkar cewa mutanen wancan zamani za su iya fafe gungume, sai ya tuna da kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya gano a 1987 yana haƙar rijiya a Jihar Yobe ta yanzu: tsawonsa ya kai mita 8, shekarunsa kusan 8,000, kuma da itacen dangin maɗaci aka sassaƙa shi. Al'ummar Ham suna alfahari da gadon Nok, kuma a ƙasarsu ƙauyen yake, sai dai bincike bai tabbatar da wace al'umma ta yau ce ta fito kai tsaye daga waɗancan mutane ba.

Kayan gida a kan dutse

Wanda ya shiga gidan Ham ko na Agworok a farkon ƙarni na 20 yana neman tebur da kabad, zai fito ya ce babu kayan ɗaki. Kuskure zai yi, domin magini ya riga ya yi rabin aikin da kafinta yake yi a yau. Ɗakin Ham mai siffar ƙwai ne, da rumbu a cikinsa, kuma masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna irinsa ya zana a binciken da ya yi kan ginin gargajiya na Nijeriya. Wurin ajiye tukwane da ƙasa ake gina shi. Gado ma sau da yawa na ƙasa ne, da rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi saboda sanyin hunturu na kan tudu, ko kuma a jera gwangwalar tukurwa a kan turaku.

Abin da ya rage wa masassaƙi shi ne duk abin da dole a ɗaga, a daka, a buga, ko a ɗauka. Turmi ne a gaba, domin acca na cikin manyan abincin yankin, kuma duk matar da ta taɓa surfa acca ta san irin dukan da turmi yake sha kafin ƙwayar ta rabu da ɓawonta. Sai kujera 'yar tsugunno da ake fitarwa daga gungume guda, ba haɗi ba ƙusa, wadda ta fi zama ta mata a bakin murhu. Sai tsanin hawa rumbu, wato reshe mai baki biyu da aka sassare masa matakai, da akushi, da muciya, da ƙotar garma da ta gatari, da amyar zuma ta kututturen da aka rarake, da gangunan biki da na farauta.

Ƙyaure ya cancanci a tsaya a kansa. Inda babu zarto, ba a samun falanki sai an kayar da itace, an tsaga shi da turaku, sannan a bi rabin da gizago ana fiƙewa har ya zama shimfiɗaɗɗe. Itace guda yakan ƙare a falanki ɗaya ko biyu, sauran ya tafi a ɓarɓashi. Wannan ya sa yawancin ɗakuna da asabari ko tufaniya ake rufe su, ƙyauren itace kuwa sai gidan mai hali.

Masassaƙin kan dutse manomi ne. Da damina yana gona, sai an kawar da amfani ya ɗauki gatari ya shiga daji. Ba shi da shago, kuma ba a san masassaƙan yankin da irin tsarin biranen Hausa ba, inda ake naɗa wa masu kowace sana'a sarkinsu. Ma'aikatarsa ita ce gindin itacen da ya kayar. A nan yake yanke gungumen, ya fitar da siffar turmin sama-sama, ya rage cikinsa, domin babu mai iya hawa dutse da ɗanyen kututture a ka. Yana aiki da itacen tun yana ɗanye saboda ya fi jin ƙarfe, sannan ya ajiye shi a inuwa ya bushe a hankali, don rana tana tsaga shi. Ƙarshen aiki a gida ake yi da ƙaramin gizago da wuƙa da makankari, a shafe da man kaɗe ko manja, wani lokaci a yi masa zane da ƙarfe mai zafi. Duk kayan aikinsa daga maƙera suke fitowa, maƙeri kuma ba ya rabuwa da gawayin ƙirya da ƙotar da masassaƙi yake fiƙe masa.

Sanin itace shi ne rabin sana'ar. Ƙirya mai tauri ce, gara ba ta cin ta da sauƙi, ita ake nema don turmi da taɓarya. Maje da ɗinya sun fi sauƙin rarakewa, sun dace da ganga da kujera. Marke na ƙota ne. Atili da ɗorawa da kaɗanya kuwa suna da masu su ko da a tsakiyar daji suke, ba a sare su matuƙar suna 'ya'ya. Akwai kuma kurmin tsafi da ba mai shiga da gatari ko kaɗan. Waɗannan hane-hane, ko da ba don kare daji aka kafa su ba, sun kare shi.

Kayan al'ada da inda suka ƙare

Atyap suna da Abwoi, Bajju suna da Abvoi, Ham suna da Ku, duka Hausawa suka haɗa su a suna ɗaya, dodo. Yawancin shigar dodannin yankin da zare da ciyawa da ganye ake yin ta, shi ya sa ba a samu fuskokin itace masu yawa kamar na ƙasar Yarabawa ko na kwarin Binuwai ba. Inda aka fi samun sassaƙen siffa shi ne wajen Koro da maƙwabtansu. An san su da wani abin ɗorawa a ka da ake manna masa jajayen 'ya'yan idon zakara, da kuma wani kofi mai siffar mutum wanda cikinsa ne mazubin, ana shan bammi ko giyar dawa da shi a wurin bukukuwa. A kundayen gidajen tarihi na Turai da Amurka ana rubuta sunan kofin da gbene, ana danganta shi ga Koro, wani lokaci ga Jaba. Ba'amurke Roy Sieber ya wallafa ɗan littafi kan sassaƙen Arewacin Nijeriya a 1961, kuma baje kolin da gidan tarihi na Fowler da ke Los Angeles ya shirya a 2011 kan fasahar tsakiyar Nijeriya ya sake jawo hankali ga wannan shiyya.

Ya kamata a riƙa karanta irin waɗannan laƙabobi da hattara. Kaya da yawa sun fita ne ta hannun dillalai, dillali kuma sunan ƙabilar da ta fi tsada yake faɗa, sunan wanda ya sassaƙa kuwa kusan ba a taɓa rubuta shi ba. Haka ma rubuce-rubucen Turawan mulki. A.J.N. Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'an Darroro, ya fitar da littafi kan mutanen Kagoro da maƙwabtansu a 1912 da take mai cike da raini, C.K. Meek kuma ya rubuta kan Katab a 1931. Akwai bayanin gidaje da kayan amfani a cikinsu da ba a samu a wani wuri, amma da idon mai mulki aka kalli mutanen. Da Kiristanci da Musulunci suka bazu, an ƙone wasu kayan al'adar, an bar wa gara wasu, an sayar da sauran. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fitar da duk aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, ko wanda aka taɓa amfani da shi a bikin gargajiya, sai da izini. Dokar ta zo bayan an riga an kwashe da yawa.

Zuwan kafinta

Tun daga 1905 sojojin Ingila suka riƙa kai farmaki duwatsun Kagoro da kewaye, daga bisani aka yi ta matsa wa mutane su sauko fili inda haraji zai same su. Saukowar ta ɗauki shekaru da dama. Mishan ta SIM ta buɗe tasha a Kwoi a 1910, ta isa Kagoro a ƙarshen shekarun 1920, Katolika suka biyo baya. Sai babban sauyi: a 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗe da Kaduna ta Kafanchan, aka kuma ja reshe zuwa Jos. Wurin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, har Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa nan a 1933.

Tasha tana bukatar gidajen ma'aikata, gidajen suna bukatar ƙofa da taga da rufin kwano a kan katako. Coci yana bukatar bencina da mumbari, makaranta tana bukatar allon bango da tebur. Masu wannan aiki na farko akasari baƙi ne, Ibo da Yarabawa da sauran mutanen kudu da suka biyo jirgi, da kuma waɗanda suka koya a hannun 'yan mishan. Su suka kawo dogon zarto na mutum biyu, wanda ake ɗora gungume a bakin rami, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa suna ja. Itacen da a dā yake ba da falanki biyu sai ga shi yana ba da goma. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya kashe ƙyauren gizago.

Akwai wani abu da ba a cika ambata ba, alhali yana cikin abin da ya riƙe shagunan kafinta a garuruwan Kirista har yau, wato akwatin gawa. A gargajiyance da tabarma ko fata ake naɗe mamaci, Musulmi kuma da likkafani da makara suke yi. Jana'izar coci ce ta mayar da akwati abin da kowane gida zai nema wata rana, kuma ba a jiran kaka kafin a saye shi.

Koyon aikin ta hanyar zama yaron shago ne, shekara uku zuwa biyar, daga share ɓarɓashi da miƙe tsohuwar ƙusa har a ba yaro awo, a ƙarshe a yi masa bikin yaye. Rikicin 1966 ya sa mutanen Gabas da yawa suka bar Kafanchan, kuma a sana'o'in hannu da dama yaran gida da suka koya a wurinsu ne suka cike gurbin. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya zo da bukatar bencina da ba a taɓa ganin irinta ba. A yau akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Kafanchan, amma mafi yawan kafintocin bakin titi har yanzu a shago suka koya.

Kayan ɗakin amarya su ne ma'aunin da ya fi nuna yadda zamani ya juya. An yi yayin gadon ƙarfe na Vono da gado mai rumfa, aka koma gadon katako mai fomeka da madubi, aka zo kan kabad na jeren kwanuka da saitin kushin. Yanzu allunan garin katako da ake shigowa da su daga waje sun mamaye kasuwa, suna da sheƙi da sauƙin yanka, amma ba sa jure danshin Kafanchan kamar maɗaci. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sa kayan ɗaki da ƙofofin katako da irin waɗannan alluna cikin kayayyaki 41 da ya hana wa canjin gwamnati, ya kuma janye hanin a Oktoban 2023. Cinikin kafinta a yankin yana bin kaka da bukukuwan ƙarshen shekara, lokacin da kuɗin citta yake shigowa Kachia da Jaba da Kagarko, don haka annobar da ta cinye gonakin citta a 2023 ba manoma kaɗai ta shafa ba.

Itace ya yi nisa

Tun zamanin Turawa aka killace wasu dazuzzuka, kuma a ƙarshen shekarun 1950 aka fara dashen itacen tik a gandun Nimbia da ke kan hanyar Jos, mai faɗin fiye da hekta 2,000, aka haɗa da malaina. Waɗannan baƙin itatuwa biyu su ne suka riƙe kafintan yankin. Malaina fara ce, mara nauyi, tana isa yanka cikin shekara goma zuwa goma sha biyar, ita ce katakon talaka. Tik ya fi ta daraja da jinkiri.

Itatuwan gida kuwa sun sha wuya. Injin sare itace ya sa mutum biyu suna gama abin da a dā yake cin mako guda kafin azahar. Daga wajen 2013 'yan kasuwa suka bazama dazuzzukan tsakiyar Nijeriya neman madobiya, wadda ake loda wa kwantena zuwa Sin don yin kujerun alfarma. Abin ya kai ga yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido daga farkon 2017, a 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. A taron 2022 aka ƙara maɗaci da kawo a jerin. Ƙirya ba ta cikin wannan jeri, kuma abokin hamayyar masassaƙi a kanta na gida ne: mai gawayi, wanda yake ƙone itacen da ya shekara hamsin yana girma ya cika buhunan da za a kai Abuja da Kaduna. Ga kuma rashin tsaro da ya sa shiga wasu dazuzzukan ya zama kasada.

Injin niƙa ya rage wa turmi aiki, kujerar roba ta kori benci daga wurin biki, amma sakwara da surfen acca da dakan yaji ba su bar turmi ya fita daga gida ba, kuma ranar 1 ga Janairu, da Agworok suke bikin Afan a Kagoro, gangunan da ake kaɗawa na sassaƙe ne. Abin da ya canja shi ne itacen da ke cikin turmin. Da ƙirya ta yi wuya, wasu sun koma ga mangwaro da maje da duk abin da ya samu, a shafa masa baƙin mai ya yi kama da na ƙwarai. Masu saye da suka san kan abin sukan ɗaga turmin su ji nauyinsa, su ƙwanƙwasa gefensa su saurari amo, sannan su kifa shi su duba gindi, domin a nan ake cusa garin katako da gam a ɓoye tsaga.